Yadda Na Kai Buƙatun Manoman Morai Ƙasar Sin

Tun a filin jirgin Addis Ababa na gane cewa ƙasar waje ba ta san da zamana ba. A Talata Mafara in aka ce Balki mai dalma, har awaki sun san ƙofar gidanmu. A nan kuwa awa tara muka yi a kan kujerun ƙarfe muna jiran jirgi na biyu, cikin wani sanyi kamar an ajiye mu a firjin mai sayar da ƙanƙara. Gwaggo Kulu, ƙanwar babana, wadda ta saba zuwa ƙasar Sin sarin yadi da kwanuka, ta lulluɓa da mayafi biyu ta yi barcinta. Ni na rungume jakata, don abin da ya fito da ni yana ciki: wani akwatin roba da bai fi gwangwanin kifi girma ba, da takarda mai shafi huɗu.

Akwatin ni na haɗa shi a shagon gyaran waya na yayana. Tun da fetur ya yi tsada manoman rani na wajenmu suka koma famfon sola, sai ga sabuwar masifa. Rijiyar fadama takan janye ruwa da rana tsaka, famfo ya yi ta juyi a bushe har ya ƙone. Na Kaka Mani, mahaifin babana da ke noman shinkafa a Morai, sau biyu yana ƙonewa. Sai na samo wata 'yar baƙar ƙwaya mai ƙafafu takwas, wadda masu gyara ke kira aisi, irin mai ƙwaƙwalwar da ake rubuta wa umarni, na koya mata abu ɗaya: in ruwa ya janye ta kashe famfo, in ya dawo ta kunna. Rani guda cur famfon Kaka bai ƙone ba. Ƙungiyar manoma ta ce tana son irinsa ɗari uku, suka yi karo-karo suka biya mini kuɗin jirgi in bi Gwaggo a ƙera a masana'anta. Sharaɗi ɗaya suka kafa: kada kuɗin akwati ya wuce rabin buhun shanshera, shinkafar da ba a casa ba, wato tiya ashirin, don iyakar abin da ƙaramin manomi zai iya fitarwa ke nan.

Takardar kuwa ni na jawo wa kaina ita. Sati guda kafin tafiya dattawa suka riƙa zuwa zauren Kaka yi mini addu'a, kowa da tasa a aljihu. Baba Sarkin Noma ya ce, "Ɗiyata, so nika akwatin ga shi yi magana da Hausa, shi gaishe ni, shi ce mini ruwa sun ƙare." Malam Isa, wanda ya taso tun daga Faru a kan babur, ya ce nasa ya riƙa aiko masa saƙo a waya. Wani daga Bakura yana son jiniyar korar tsuntsayen jan-baki. Wani cajin waya, wani rediyo, wani kuma ya tuna masa lokacin Azahar. Ni kuma an yi mini tarbiyya. Mai furfura ba zai tako ya zauna a zaurenku ki dubi idonsa ki ce a'a ba. Duk wanda ya faɗi tasa sai in durƙusa in ce, "To Baba, in sha Allahu." Sau talatin da ɗaya na ce to. A ƙasan takardar kuma na ƙara tawa da ƙaramin rubutu: gilashi mai haske da zai riƙa nuna Balki Injiniya duk sanda aka kunna.

Wata mai shara a filin jirgin ta gan ni ina karkarwa, ta ja hannuna zuwa wani lungu kusa da mai sayar da gahawa inda ɗumi ke fitowa, ta gutsuro mini burodinta. Ba ta jin yarena, ba na jin nata. Na ci, na yi mata godiya da Hausa, ta amsa da nata, kowa ya gamsu.

A Guangzhou kare ne ya fara tarbar mu. Wani ɗan ƙaramin kare mai kunnuwa kamar faifai ya zo ya zauna gaban jakar Gwaggo ya ƙi tashi. Ma'aikata suka buɗe, suka zaro kilishin da aka yi mana guzuri, suka jefa a kwandon da ake zuba abin da aka hana shiga da shi. Na rantse karen nan murmushi ya yi mini.

"Na hana ki sa shi," in ji Gwaggo.

"Gwaggo, a jakarki fa aka same shi."

"Rufe mini baki."

Kwana huɗu na yi ina bin ta kasuwar yadi ina riƙe mata leda. Gwaggo ba ta jin Sinanci sai kalma uku, amma da na'urar lissafi a hannunta takan sa ɗan kasuwa ya dafe kai. Abinci ne ya hore ni. Shinkafarsu fara fat, babu mai babu yaji, ga tsinke biyu wai da su za a ci. A rana ta uku na ga wata mata tana soya wani abu zagaye a bakin hanya, na ɗauka hoce ne, wainar dawa ta wajenmu, na tsaya ina kallo har hawaye suka zo mini. Gwaggo ta ce in kuka zan yi wa wainar mutane, in yi ina tafiya.

Daga nan muka hau jirgin ƙasa zuwa Shenzhen, garin masu kayan lantarki. Gudunsa, kafin ki gama amsa gaisuwar mutumin Maradun kin isa. Kasuwar kuwa bene ne a kan bene, kowane hawa ya fi kasuwar Talata girma, kuma ba a sayar da komai sai ƙwayoyin aisi da wayoyi da 'yan fitilu. Na tsaya baki buɗe har wani mai tura kaya ya taka ni.

A nan muka haɗu da Oga Sani, wani Bahaushe dillali da ya daɗe a garin. Jin Hausa a bakinsa kawai ya sa na ji kamar ɗan'uwana ne. Ya karanta takardata yana gyaɗa kai.

"Ƙanwata, duk za a yi."

"Har da maganar?"

"Har da waƙa in kina so. Kuma ƙasa da kuɗin da kuka yanka."

Kwana biyu ya kawo samfuri. Akwatin ya yi ƙara, ya yi walƙiya ja da kore, ya faɗi wata magana da Sinanci. Gwaggo ta fara buɗe jaka. Ni kuwa tun ina ƙarama ba a ba ni abu in bar shi a rufe, rediyon babana shaida ne. Na zaro sukundireba na kwance murfin. Ƙafafun aisin duk tsohuwar dalma ce a jikinsu. Na kankare bayanta da farce, baƙin fenti ya fita, ga wani tsohon rubutu a ƙasa. An ciro ta ne daga matacciyar na'ura aka yi mata kwalliya. Wayar da ya kamata ta je wajen ruwa ma ba a haɗa ta da komai ba, an dai naɗe ta a ciki.

Oga Sani ya ce bari ya amsa waya a waje. Har yau yana amsawa. Gwaggo ta bi shi da addu'o'in da ba zan rubuta ba, sannan ta juyo kaina ta ce saura kwana tara jirginmu ya tashi.

Akwai wani ɗan shagon taliya na Sinawa Musulmi a bayan masaukinmu, mijin da farar hula, matar da ɗankwali. Nan na zauna da rana na baje akwatina da takardata a kan tebur, taliya tana hucewa. Tunanina ɗaya: mutanen da suka sayar da kaji da tumaki suka sa ni a jirgi, in koma in ce musu me? Matar ta kawo mini cokali mai yatsu ba tare da na roƙa ba, da ɗan kwanon barkono. Ta dubi akwatin, ta dubi fuskata, sai ta ƙwala wa wata mata kira a teburin ƙarshe.

Sunanta Lin, siririya mai tabarau, injiniya ce a wani ƙaramin kamfani na mutum shida da ke zana irin waɗannan na'urori. Ta juya akwatina, ta duba dalmar, ta tambaye ni da Turanci a hankali wa ya yi. Na ce ni. Ta ce aikin mummuna ne amma tunanin mai kyau ne. Na yanke shawarar jin rabin maganar na biyu kawai.

Washegari a ofishinsu ta sa na fassara mata takardar layi-layi. Tun tana rubutawa har ta ajiye biro. Ta jera ƙwayoyi uku a gabana: mai ƙafa takwas irin tawa, mai ƙafa ashirin, da wata mai ƙafa arba'in da takwas kamar shanshani.

"Kowace buƙata tana cin ƙafa," in ji ta, "kuma tana cin wuri a ƙwaƙwalwa. Magana tana son lasifika da ma'ajiyar murya. Saƙon waya yana son layi da eriya. Jiniya tana shan wutar da famfo ke buƙata. In kin ɗauki duka, sai babbar nan, da babban fanel da za a like ta a kai, da babban akwati."

Ta buga jimla. Gwaggo ta karɓa ta juya ta zuwa naira, ta juya nairar zuwa shinkafa, ta ce, "Buhu biyu da rabi."

Na ce to a yi wa kowa nasa daban mana, mai son magana ya biya magana. Lin ta girgiza kai. Masana'anta iri ɗaya take bugawa. Ɗari uku iri ɗaya shi ne mai araha, iri talatin kuwa kowanne sai an yi masa zanensa da gwajinsa. Duk abin da aka sa wa mutum ɗaya, mutum ɗari uku ne za su biya.

"Sai ki ce musu a'a," in ji ta, kamar mai cewa in sha ruwa.

Na yi ƙoƙarin bayyana mata waye Baba Sarkin Noma, da cewa shi ya yanka ragon sunan babana. Ba ta gane ba. Gwaggo ce ta gane, ta kuma yi tsaki.

"Ke dai ba ki da wayo sai na kwance rediyo. Shekara nawa ina kasuwa, kin taɓa jin na ce wa mai saye a'a? Kuɗin nika faɗa mai, shi da bakinshi shi ce a'a."

A ranar muka zauna mu uku muka sa wa kowace buƙata kuɗinta da tiya. Na yi saƙon murya zuwa wayar Kaka, na fara da gaisuwa ta minti huɗu don kada a ce ƙasar waje ta lalata ni, sannan na karanto: maganar Baba Sarkin Noma tiya tara a kan kowa, saƙon Malam Isa tiya sha huɗu a kan kowa, jiniya shida a kan kowa. Kalmar a kan kowa na fi dannawa. Gilashina na tiya uku kuwa na cusa shi cikin kuɗin gangar jikin akwatin, ban ambace shi ba.

Kashegari da ƙarfe biyun rana a wajenmu, safiya ke nan a gida, Kaka ya kira ta bidiyo. Dattawa sun cika ƙofar gidansa kafin su wuce gona. Kaka ya kawo wayar daf da hancinsa.

"Uwargida, kin rame. Ba su ba ki tuwo?"

"Tsoho, matsar da wayar, hancinka kaɗai nake gani."

Ban ce wa kowa a'a ba. Ban ma samu damar magana ba. Mutumin Bakura ne ya fara: "Malam Isa, ni zan ba da tiya sha huɗu don a aiko maka saƙo? Kai da ko an aiko sai jikanka ya karanta maka?"

"Kai fa? Jiniya! Jan-bakin da ba su tsoron gwangwani da majajjawa, kuwwa za su tsoro?"

Mai son rediyo ya janye da kansa, ya ce dama yana da rediyo. Mai Azahar aka tuna masa cewa ladanin Morai ana jin sa har Ruwan Gizo. Baba Sarkin Noma ne ya daɗe yana shafa gemu. Babu mai iya taɓa tasa. Can Kaka ya ce, "Sarki, tiya tara-tara har gida ɗari uku, don akwati shi ce maka ina kwana. Ni zan riƙa zuwa ina ce maka kyauta." Aka fashe da dariya, Sarkin Noma ya ɗaga hannu ya ce a cire.

Abu biyu suka riƙe, kuma Lin ta ce masu arha ne: 'yar fitila da za a hango daga nesa a san ko famfo na aiki, da maɓallin kunnawa da hannu. Jimla ta tsaya a tiya sha tara, da gilashina a ɓoye a ciki. Na fara rawa a kan kujera.

Lin tana leƙen wayar ta kafaɗata. Sai ta nuna wani abu a bayan dattawan ta ce, "Wancan me yake yi?"

Kawu Bala ne, ƙanen babana, yana ɗaure famfon Kaka a bayan babur da igiyar roba, wayoyi suna reto. Na ce gona zai kai shi.

"Ba a gonar yake zama ba?"

Na yi dariya. Wa zai bar famfo a fadama ya tafi gida? Kullum da yamma a cire wayoyi a ɗauko shi, da safe a mayar a sake haɗawa. Ban gama faɗa ba na ga fuskarta ta canza. Ta jawo zanen ta nuna mini inda wayoyin ke shiga: 'yan ƙananan sukurori, irin na abin da ake ɗaurawa sau ɗaya a bango a manta da shi. Ta ce in ana cirewa ana mayarwa kullum, ga girgizar babur, ba za su yi wata guda ba.

Mutum talatin da ɗaya sun ba ni buƙata, babu wanda ya faɗi wannan, don ba wanda ya ɗauke shi abin faɗa. Ni ma da nake zuwa Morai duk Juma'a ina sake like wayoyin akwatin Kaka da dalma, ban taɓa lissafa shi a matsayin matsala ba. Ziyara na ɗauke shi.

Maganin shi ne soket mai ƙarfi mai bakin roba, wanda ko da hannu mai taɓo za a cusa a zare, sannan a cika cikin akwatin da wani ƙaro da ke daskarewa ya riƙe komai. Tiya uku da ɗoriya. Mun haura ashirin.

Na bi takardar sama da ƙasa ina neman dattijon da zan ƙara yanka. Babu saura. Lin ta sa bakin biro a kan ƙaramin rubutuna na ƙasa. Gwaggo ta sa tabarau ta karanta.

"Balki Injiniya. La'ilaha illallahu! Wagga ɗiya, kin sa tsofaffi sun yanka nasu, kin ɓoye naki?"

"Gwaggo, talla ce."

"Tallar gidanku."

Na roƙa a bar shi ko da ƙarami ne kamar ƙwayar gero. Lin ta ce gilashin shi kaɗai ke cin ƙafa huɗu, in an cire shi za mu koma ƙaramar aisi mai ƙafa takwas, kuɗi ya ƙara sauka. Na karɓi biron na soke shi da hannuna. Na yi jimami na kusan minti biyu, wanda a wajena zaman makoki ne. Jimla ta dawo tiya sha takwas, har da kuɗin jirgin kaya.

Kwana biyar su Lin suka yi suka fito da samfuri. Muka gwada shi da bokiti a bayan ofis. Na cusa soket na zare har hannuna ya yi tsami, na jefar da akwatin daga kan tebur, na hau kansa na yi tsalle. Lin ta ce a ƙasarsu da inji ake wannan gwajin, amma ni na fi injin mugunta. Ranar da za mu tafi mai taliya ta ƙulla mini barkononta a leda, Lin kuma ta ba ni ƙaramin ƙarfen dalma mai siririn baki, ta ce in daina yi wa fanel ɗori kamar mai gyaran tukunya.

Kayan sun iso bayanmu da sati shida, daidai ana shirin dashen rani. Aka sa ranar gwaji a gonar Baba Sarkin Noma, don shi ya ce ba zai fitar da ko tiya ɗaya ba sai ya gani da idonsa, kuma kowa ya san in bai saya ba babu mai saye. Aka haɗa, ruwa ya yi ta zuba tun hantsi. Wajen ƙarfe ɗaya famfo ya yi tsit.

"Ya mutu!" in ji Sarkin Noma. "Na faɗa muku, kayan Sin na! Ko wuni bai yi ba!"

Ya cire takalmi zai kai wa akwatin duka. Kaka ya riƙe masa hannu, ya sa Kawu Bala ya zaro bututun daga rijiya. Bakinsa taɓo ne kawai, babu ɗigon ruwa. Kawu ya dafa jikin famfon ya ce da ɗumi kaɗan, ba ƙauri. Aka mayar da bututun.

Sarkin Noma ya koma bakin kunya ya zauna, ya jawo bakin tiyon ya ɗora a cinya yana leƙa cikinsa, yana bayyana wa mutane cewa kashewa ba wuya, ko jaki ya taka waya zai kashe famfo, kunnawar ita ce magana. Yana cikin bayanin rijiya ta dawo da ruwa. Tiyon ya yi tari sau ɗaya ya watsa masa tun daga hula har cikin aljihu.

Babu wanda ya yi dariya, sai ni, kuma Kaka ya toshe mini baki da hularsa. Kawu Bala ya ruga zai kashe.

"Kai, bar shi!" in ji Sarkin Noma, ruwa na zuba daga gemunsa. "Kar wanda ya taɓa mini abina. Bala, hau babur ka tai gida ka ce a auno shanshera. Na akwati biyu."